Kafin ka taya azurfar Iskandari

Ɗan ƙanwata ya zo mini gaisuwa ranar Asabar da yamma. Aka kawo masa tuwo, ya bar shi ya huce yana kallon waya. Na ɗauka ƙwallo ce. Da na leƙa sai na ga hoton wata 'yar azurfa, gefe guda kan mutum lulluɓe da fatar zaki, ɗaya gefen wani zaune kan kujera da mikiya a tafin hannu, ga lambobi a ƙasa suna hawa, yuro 140, 150, 160. Gwanjo ake yi kai tsaye daga Jamus. Ya ce, "Kawu, Iskandari ne fa, shekara 2,300. Ko sayarwa na tashi yi, riba ce." Na riƙe masa hannu, abin da rabon da in yi tun yana yaro.

Na ce masa wannan kan na Herakilis ne, gwarzon tatsuniyoyin Girkawa, na bayan kuma Ziyus, babban abin bautarsu, sunan Iskandari, sarkin Makidoniya, kawai aka rubuta a gefe. Shi ya mutu a shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), amma birane sun ci gaba da buga kuɗi da sunansa sama da shekara 200 bayan nan, kuma mafi yawan waɗanda ke yawo a gwanjo daga cikinsu suke. Ya dube ni ya ce, "To ai duk ɗaya ne." Wannan "duk ɗaya ne" ita ta hana ni barci, domin na taɓa faɗinta da bakina.

Ina aiki a Ingila na fara tara tsofaffin kuɗi. Kakarmu tana da waɗansu manyan azurfofi masu hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, ƙulle a tsumma cikin kwalla, dukkansu ɗauke da 1780, alhali an yi ta buga su da wannan shekarar har zamaninmu. Tun ina yaro nauyinsu a tafin hannu yake burge ni. Ranar da na shiga gidan tarihi na Birtaniya a Landan na ga kuɗin Girkawa da na Rumawa jere a gilashi, sai wani ya ce mini ai irinsu ana sayarwa, kowa ma yana iya mallaka. Na fara da dinariyus, wato azurfar Rumawa, ta Saftimiyus Seberus, sarkin Rum da aka haifa a Leptis Magna, cikin Libiya ta yau, ya yi mulki daga 193 zuwa 211 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya mutu a Yok ta Ingila. Giram uku da ɗan abu, kusan rabinta ne ma azurfa. Kuɗinta bai wuce na cefanen mako ba. Har yau ba na nadamar wannan. Da na tsaya nan, da ba ni da labarin da zan ba kowa.

Mujiya ce ta kayar da ni. Duk mai wannan harka ya san ta: babbar azurfar Atina, giram 17 da 'yan kai, kan Atena, abar bautar birnin, da kwalkwali a gaba, mujiya a baya ta waigo da manyan idanu, ga reshen zaitun da jinjirin wata da haruffa uku na sunan birnin. Daga ma'adinan Lawuriyon aka haƙo azurfar, bayi ne suka haƙo ta. Na sa wa kaina iyaka kafin a fara gwanjon, na rubuta a takarda. Da aka zo kanta, wani da ban san ko wane ne ba ya ɗara ni. Na ƙara, ya ƙara. A gwanjo babu "albarka", babu tafiya a kira ka. Daƙiƙoƙi ake ƙirga maka, zuciya na ce maka saura tayi ɗaya. Lokacin da guduma ta sauka na wuce iyakata da nisa, kuma ina murna.

Sai takardar biya ta zo. Na san da la'adar mai saye, na karanta, amma ban lissafa ta ba. Gidajen gwanjo suna ɗora kusan kashi 20 cikin 100 a kan farashin guduma, waɗansu ma fiye. Idan guduma ta sauka a 1,000, to 1,200 ake binka, kafin kuɗin aike, inshora, canji da abin da banki zai yanka. Kuɗin da na biya da shi na rufin gida ne. Ƙanena yana jira in aiko a sayi kwano kafin damina. Na ce masa aiki ya ɗan yi sanyi. Ruwan shekarar a kan bangon da ba rufi ya ƙare. Uwar 'ya'yana ba ta sani ba sai da aka daɗe, kuma ba daga bakina ta ji ba, takardar ta gani a aljihun kwat. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ashe muna da kuɗi." Gara a ce ta yi faɗan.

Ina gaya wa kaina ajiya ce. Kuma a yi mini adalci, ban yi caca ba, ban sha ba, ban bi mata ba. Abokan aikina nawa suka ƙona fiye da haka a motocin da yanzu ko ƙarfensu babu? Ni ga nawa a akwati. Ta dalilinsu na san Rum fiye da yadda makaranta ta koya mini. Na jera dinariyus bisa zamani na ga yadda sarki Neron ya rage nauyinta da tsabtarta a shekara ta 64, yadda Karakalla ya fito da sabon kuɗi a 215 da ake ɗauka a bakin dinariyus biyu alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne, yadda zuwa zamanin Galiyenus, wajen 260 da 'yan kai, abin ya koma tagulla da aka shafa wa azurfa. Da naira ta faɗi a 2023 ban yi mamaki ba, na riga na riƙe irin wannan faɗuwar a hannuna. Wannan ilimi ne, ba zan ce ba ilimi ba ne. Ko da wani malami abokina ya yi mini maganar hotunan gumaka, na kawo masa hujjar cewa Musulmin farko sun yi ciniki da kuɗin Rum da na Farisa masu hotuna har Abdulmalik ɗan Marwan ya sauya su a shekara ta 77 bayan hijira. Ya ce, "Su bukata ta sa su, kai fa?" Na yi shiru. Duk abin da na koya ɗin yana cikin littattafai, kuma littafi ba ya hana a rufa gida.

Maganar ajiya kuwa ta ƙaryata kanta. Wajen 2018 mujiyoyi suka cika kasuwa, kusan kowane gwanjo da jerinsu, masu kyau ƙwarai, farashi ya sauko. Da na matsu na kai tawa, gidan gwanjon ya cire tasa la'adar ta mai sayarwa, na jira watanni, abin da ya shigo hannuna bai kai abin da ya fita ba. An yanke ni a shiga, an yanke ni a fita, kuma babu wanda ya cuce ni, duk a rubuce yake.

Wanda ya cuce ni daban ne, shi ma ni na kai kaina. Na ga dinariyus ɗin Yuliyas Kaisar mai giwa tana taka maciji, a hannun wani mai sayarwa a intanet, a rabin kuɗinta. Araha ba ta ado, na sani, na saya. Wani dattijon dillali ya ɗora ta a sikeli, ya juya bakinta ƙarƙashin madubi, ya nuna mini wani siririn layi da ya kewaye ta da 'yan ramuka kamar na allura. Zuba ta aka yi a mazubi. Ta gaske da guduma ake buga ta tsakanin hatimi biyu, har kana ganin yadda ƙarfen ya gudana daga tsakiya. Bai ce mini komai ba, ya turo mini ita da ɗan yatsa.

Wadda ta fi ci mini rai kuwa ta gaske ce, ni na kashe ta. Wata dirakma ce, azurfar Girkawa, da ta yi duhu mai kyau, toka-toka da shuɗi-shuɗi a cikin lungunan zanen. Na ga kamar datti ne. Na samo toka da lemun tsami na goge ta yadda na ga ana yi wa awarwaro. Ta fito fes tana ƙyalli, fuskar ta cika da ƙananan karce. Wannan duhun shi masu saye ke biya wa kuɗi, shekaru ne suka yi shi, kuma ba ya dawowa yadda yake.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari masu yawa, ku samarin da kuka fara samun dala ta aikin kwamfuta. Da na duba, kaɗan ne suka rage.

Kada ku shiga. In akwai mai jiran kuɗin nan, uwa ce ko mata ko ƙane mai makaranta, to ba naku ba ne. Kuma a nan gida wa zai saya? Ka kai mujiyar Atina wurin maƙerin farfaru, zai auna giram 17 ya ba ka kuɗin azurfa. Kasuwarta tana Landan da Zurik da Miyunik da Amurka, kai kana Kaduna.

Na san ba za ku ji ba. Ku ba kwa jin magana sai ta fito daga bidiyon minti ɗaya. Mu aƙalla mun jira kundin gwanjo ya iso ta gidan waya, mun kwana da shi. Ku kuna tayi kuna cin abinci, ba ku san sunan wanda ke kan kuɗin ba. To in dole ne, ku sayi ɗaya mai araha, ta Seberus ko ta Gordiyan, shi ma sarkin Rum, daga gidan da ya rubuta cewa zai karɓa in ta fito jabu, ku zauna da ita shekara guda. Ko da yake, in gaskiya zan faɗa, tarkacen araha su suka fi cinye mini kuɗi, guda ɗaya mai kyau ta fi goma marasa fuska. Ku dai duba farashin da irinta ta yi a gwanjon baya, akwai rumbuna kamar acsearch da aka tara su. Ku haɗa la'ada tun kafin tayi. Ku sa tayinku tun da wuri ku kashe wayar.

Ku tambayi inda ta fito. Na daɗe ban damu da wannan ba, ina ganin fitinar Turawa ce. Amma kuɗin da ba shi da tarihin mallaka, sau da yawa daga ramin da aka haƙa da dare ya fito, a Turkiyya ko Bulgeriya ko Siriya. Mu da aka kwashe mana kayan Nok da na Benin, bai dace mu ce ba mu gane ba. Shekarar 1970, ta yarjejeniyar UNESCO kan hana fasa-ƙwaurin kayan tarihi, ita ce layin da masu hankali ke dubawa. Kada ku ce babban gida ba ya ƙarya. Zinariyar da Burutus, ɗaya daga waɗanda suka kashe Yuliyas Kaisar, ya buga don tunawa da kisan, an sayar da ita a Landan a 2020 kan sama da fam miliyan 3, daga baya aka gano takardun asalinta na ƙarya ne, hukumomin Niyok ta Amurka suka mayar da ita Girka a 2023.

Kada ku wanke ta, ko da ruwan sabulu. Kuma ku rubuta sunanta, nauyinta, inda kuka saya da nawa, ku ajiye tare da rasidin, ku nuna wa iyalinku tun kuna da rai. In ba haka ba, ranar rabon gado a sikelin maƙeri za ta ƙare.