Yadda muke raɗa wa ayyuka suna a manhajarmu

Sana'armu gina shafukan intanet ce, galibi ga makarantun kuɗi da 'yan kasuwa. Da yaren kwamfuta na Python muke aiki, a kan Flask, manhajar gina shafukan intanet, da Jinja, manhajar da Armin Ronacher ya rubuta, mai zuba bayanai a samfurin shafi: sunan ɗalibi a gurbinsa, makinsa a gurbinsa. A kanta muka ɗora wasu 'yan ayyuka namu, wato guntayen umarnin kwamfuta masu suna da ake kira functions, kuma gardamar da ta fi tsawo a ofis kullum kan sunan da za a ba su ce.

Ga dalili. A Flask, idan sunan samfurin ya ƙare da .html, duk rubutun da ya shigo ana tace shi, alamar < ta koma &lt;, don kada wani ya cusa umarnin JavaScript, yaren da burauza ke aiwatarwa, ta akwatin da aka tanada don sharhin malami. Amma akwai wata matattara mai suna safe. Yaron da ya fara koyon aiki in ya gan ta, sai ya zaci tsaro take ƙarawa, alhali kashe tacewar take yi gaba ɗaya. Manufarta ita ce kai ka ɗauki nauyin cewa rubutun ba shi da illa. Sauran manhajojin gina shafuka ma haka: Django na da mark_safe, Rails na da html_safe, duk salon ɗaya ne. Ni kam na fi ganin hikimar masu manhajar React da suka kira nasu dangerouslySetInnerHTML. Ga tsawo ga muni, amma babu mai rubuta shi bai dakata ya yi tunani ba.

Shi ya sa namu aikin mai kashe tacewa muka sa masa render_unescaped_html. Aikin da sunansa ya fara da get karantawa kawai yake yi, ba ya taɓa rumbun bayanai da sauyi. Wanda ya fara da send kuwa da gaske saƙo zai tafi wayar iyaye, kuma kuɗin makaranta ne zai fita.

Da Hausa muke tattaunawa, amma sunayen da Turanci muke sa su, domin gobe mai makaranta yana iya miƙa aikin ga wani a Legas ko Abuja, kuma ba ma son ya yi ta lalube.

Kafin mu karɓi sabon aiki daga hannun kowa, sai ya faɗa da baki abin da aikin yake yi. Muddin muka ji "da kuma" a bayaninsa, sai ya koma ya raba shi biyu, kowanne da sunansa.