Kunkurun Aro a Tsibirin Aigrettes

Tun jirginmu bai sauka a Morishas ba, ƙasar tsibiri da ke Tekun Indiya, rake ne ya cika mini ido. Gonaki shimfiɗe har gindin duwatsu, kore shar, sai ka ɗauka haka Allah Ya halicci ƙasar. Alhali dā kurmi ne ya lulluɓe ta, kuma dajin asali mai lafiya da ya rage yau bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

Na yada zango a Mahebourg, garin bakin teku da ke kusa da filin jirgi. Da hantsi na shiga kwale-kwale daga Pointe Jerome, kafin in gyara zama mun iso Ile aux Aigrettes. Ɗan tsibiri ne na dutsen murjani, bai kai hekta 30 ba, kuma ba a yawo a cikinsa sai da ɗan jagora na Mauritian Wildlife Foundation, ƙungiyar da ke jinyar wurin tun shekarun 1980.

Jinya na ce, don tsibirin ya sha wuya. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Ingila sun sare itatuwa sun girke manyan bindigogi, har yanzu akwai ragowarsu. Ko da aka ayyana shi wurin da aka keɓe a 1965, ɓeraye da kuliyoyi da baƙin tsirrai sun riga sun ci gari. Sai da aka ƙarar da ɓerayen, aka bi baƙin tsirran da hannu ana tumɓukewa, sannan aka dasa na gida da aka rena a wurin.

Muna cikin tafiya a wata siririyar hanya sai ga kunkuru ya tare mu, ƙato, ya kai turmin da aka kifa, ko kallo ba mu ishe shi ba. Jagorarmu ta ce ai shi ma baƙo ne. Manyan kunkuran Morishas na asali sun ƙare tuntuni, matuƙan jiragen ruwa sun kwashe su don nama, aladu da ɓerayen da suka zo da su kuma suka cinye ƙwai. Wannan daga Aldabra ta ƙasar Seshels zuriyarsa take, an kawo su a 2000 su riƙe aikin mamatan.

Aikin kuwa ya ba ni mamaki. Akwai wani itacen baƙin katako, ɗan uwan kanyarmu, wanda 'ya'yansa ke zubewa a gindin uwa su ruɓe don babu mai ɗauka. Kunkurun ya haɗiye, ya yi gaba da jan ƙafa, ya kasayar da ƙwallon can nesa, ga taki a haɗe. Jagorar ta tsuguna ta nuna mini tsiro a cunkushe cikin busasshen kashi. Wasu na ganin saka baƙon dabba a wurin da baƙi suka ɓata ganganci ne. Ni dai da na ga tsiron nan, na bi bayan masu kunkuru, musamman da yake dabba ce da za a iya kamawa a fitar ranar da ta fara ɓarna.

Mun ga kurciyar nan mai ruwan hoda a kan reshe, wadda a wajajen 1990 saura kamar 10 kacal a daji, yanzu kuwa ɗaruruwa ne. Tsuntsun dodo kuwa, wani ƙaton tsuntsun Morishas da ba ya tashi, sai mutum-mutuminsa. 'Yan Holan sun sauka a Morishas a 1598, kafin ƙarni guda ya cika babu shi babu dalilinsa.

A hanyar dawowa mai kwale-kwale ya nuna mini wajen Pointe d'Esny, inda jirgin dakon kaya Wakashio ya hau kan murjani ranar 25 ga Yuli, 2020. A watan Agusta ya tsiyayar da mai kusan tan 1,000, igiyar ruwa ta kai shi har gaɓar Aigrettes. Ma'aikata suka yi ta kwashe tsirrai da tsuntsaye zuwa babban tsibiri, wasu ƙadangarun da aka tsamo daga tsibiran maƙwabta kuwa sai da aka kai su gidan namun daji na tsibirin Jersey a Turai don kada irinsu ya ƙare.