Birni ko Zango, yadda na kama haya a Damagaram

Duk wanda zai kama haya a Damagaram, kafin ya tambayi nawa ne luwaye ya fara tambayar ƙarfe nawa ruwa ke zuwa a pampon gidan, in ma yana zuwa kenan. Da aka maido ni aiki nan daga Maraɗi gida biyu dillali ya kai ni, ɗaya cikin Birni can bayan fadar sarki, ɗaya a Zango ba nisa da kasuwar Dole.

Na Birni jika 20 ne a wata (jika ɗaya sefa 1,000 kenan), ɗaki biyu da zaure, ginin ƙasa ne na da mai kaurin bango, ka shiga da tsakar rana ka ji sanyi ya ratsa ka, ga unguwa shiru kowa ya san kowa, ranar sallah kuma hawan sarki a ƙofar gidanka kusan. Maiɗakina tana gani ta ce ita kam nan ya yi mata. Na Zango jika 30, siminti da rufin kwano, kontar kuran, wato mitar wutar lantarki, ɗaya ce mu da wasu ƴan haya, ga kukan kabu-kabu tun asuba.

Abin da ya tsaya min a rai pampon gidan Birnin ne. Bakinsa ya yi ja da ƙura, ƙasan wurin busasshe ƙayau ko ɗan gansakuka babu, sai bido masu ruwan ɗorawa an jera su jikin bango an zarga musu igiya ɗaya ta hannu. Dillali dai ya ce ai ruwa ba matsala Malam, to shi kamasho yake nema, me zai ce. Sai na dawo ni kaɗai bayan isha'i na gaida wata tsohuwa maƙwabciya, na ce Inna yaya ruwa a nan? Ta yi dariya ta ce ɗana sai wajen ukun dare in ya ga dama, lokacin zafi kuwa sai ka nemi ɗan garuwa.

Kuma ba laifin mai gidan ba ne. Garin nan kan dutse yake zaune, ga manyan duwatsun nan kowa na gani cikin gari, shi ya sa ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, Gogo Machaya, Arunguza, Ganaram. Gidan da ke kan tudu ko ƙarshen layi shi ke samu daga baya, a unguwa ɗaya ma sai ka ga wannan lungu da ruwa na gaba babu, don haka kar wani ya ce maka unguwa kaza akwai ruwa ka yarda, gidan za ka duba da kanka.

Na zauna na yi lissafi. Mu da yara bido 6 a rana ba ya yi mana yawa, in aka sa dala 20, wato sefa 100, kowane, jika 18 kenan a wata, kuma daga Maris zuwa Mayu kuɗin tashi yake. Ka ɗora kan jika 20 ɗin, ka ƙara kuɗin kabu-kabu tunda lungun mota ba ta shiga, gidan mai arha ya zarce mai tsada. Na Zangon yana ɗan gangare, na je da dare na murɗa pampo ya kawo, da safe ma ya ɗan tsiyaya, akwai kuma tanki a tsakar gida.

Zango muka shiga. Ba wai daɗi ne zalla ba fa, kwanon nan a watan Afrilu sai a waje muke kwana, da damina ruwa na kwanciya ƙofar gida, rabon kuɗin kuran kuma duk wata sai an yi ƴar muhawara da mai firigo biyu. Mai gida ya nemi abans na wata uku, na ce Alhaji ba don rashin yarda ba amma a rubuta, aka rubuta gaban shaidu biyu har da batun wanda zai gyara tanki in ya fashe, ya ce nasa ne, ya sa hannu.