Matakala bakwai

Jiya na raka Kawu wani ofishin gwamnatin tarayya, yana kan kekensa na guragu. Matakala bakwai ce a ƙofa, babu gangaren da keke zai bi. Dole ni da mai gadi muka ciccibe shi kamar buhun gero. Bai ce uffan ba, kansa dai a sunkuye.

Abin takaicin, akwai doka fa. Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashiga. Wa'adin ya cika tun 2024. Har kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ta ware wa masu nakasa.

Da muka fito Kawu ya ce, "Ɗana, wai mu dawo ran Litinin."