Da Yara da Hajiya a Jirgin Ruwan Bahar Rum

Duk wadda ta taɓa fita ƙasar waje da yara ƙanana da tsohuwa ta san ba hawa jirgin sama ne wahalar ba. Wahalar tana wajen ɗaure kaya da kwance kaya: yau wannan otal, gobe tashar jirgin ƙasa, jibi neman inda auta ta yar da takalmi. Shi ya sa ban yi musu ba da maigidana ya ce hutun dogon zango mu yi shi a jirgin ruwan yawon shaƙatawa. Sau ɗaya ake buɗe akwati a jera kaya a durowa, daga nan kullum ka wayi gari a bakin wani birni. Mun tashi daga Barselona ta Sifaniya, muka tsaya Marsel ta Faransa, sai Jenowa ta Italiya, sai tashar da ake sauka a tafi birnin Rum, sai Falermo a tsibirin Sisili, sai Baleta ta Malta, sannan yini guda cur a tsakiyar teku kafin a koma inda aka faro. Ni da shi, da yaranmu, da surukata Hajiya.

Rabin aikin a gida ake yin sa, kuma biza ce kan gaba. Ƙasashen nan huɗu duk suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai masu bizar haɗin gwiwa, don haka biza ɗaya ta ishe su. Ana nemanta a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, in kuma kwanakin sun zo ɗaya, ƙasar da za a fara shiga. Tun watan Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, Yuro 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa 12, wanda bai kai 6 ba kuwa kyauta. Dole a haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da takardar haihuwar kowane yaro, da takardar amincewar uba ko uwa in ɗayansu ba zai je ba. Ana iya shigar da takardu tun saura wata shida, kuma mai neman tafiya a watan Agusta gara ya yi hakan, don samun ranar ganawa ma aiki ne. Akwai wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba: wasu jiragen suna ratsawa Tunisiya ko Turkiyya. Da zarar jirgi ya tsaya can, kun fita daga Shengen ke nan, komawa kuma sai da biza mai shiga fiye da sau ɗaya. Mai biza mai shiga ɗaya ana iya hana shi hawa tun daga tasha, kuɗinsa kuma ya tafi. Mu dai mun zaɓi zangon da bai fita yankin ba, muka huta.

Farashin da ake tallatawa kuwa somin taɓi ne. Ya ƙunshi ɗaki, da abinci a manyan ɗakunan cin abinci, da wasannin dare, da wurin renon yara. Bai ƙunshi lemon kwalba ba, ko intanet, ko wanki, ko fita yawo a gari, ko ganin likitan jirgi. Sannan akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane mutum a kowane dare, har yara, ko da yake nasu bai kai na manya ba. Ka lissafa shi da yawan kawuna da yawan darare, za ka ga ya zama kuɗi. A cikin jirgi ba a taɓa takardar kuɗi. Kowa yana da kati guda, shi ne makullin ɗaki, shi ne shaidar fita da shiga, shi ne kuma abin saye. Ana haɗa shi da katin banki ko a ajiye tsabar kuɗi a kantar biyan kuɗi. Mun ajiye tsaba, don ba mu so mu dogara da katin naira a tsakiyar teku. Ranar farko na je na sa aka rufe saye a katunan yara. Akwai ɗakin wasannin kwamfuta da ake goga kati kawai, kuma yaro ba ya jin zafin kuɗin da bai gani ba.

Yawancin ɗakuna mutum huɗu suke ɗauka, shi ya sa muka kama biyu masu ƙofa a tsakani. Irinsu kaɗan ne, su ake fara kwashewa. Hajiya ba ta son jijjiga ko a mota, don haka muka nemi tsakiyar jirgi, a benen da bai yi sama sosai ba, inda tangaɗi ya fi sauƙi. Ɗakin ciki marar taga ya fi araha, mai baranda ya fi tsada. Ga mai yaro mai ƙiriniya ni ban ga abin da baranda za ta ƙara ba sai fargaba. Taga ta ishe mu. Mai juna biyu ta sani yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar wadda cikinta ya shiga mako na 24, da yawa kuma ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata shida ba.

Mun sauka Barselona tun ana gobe tashi, muka kwana a otal. Daga Kano ko Abuja sai an canja jirgin sama a hanya, kuma jinkirin awa uku ko akwatin da ya maƙale a wani filin jirgi ya isa ya rusa komai. Kuɗin otal na dare ɗaya ba komai ba ne a kan wannan.

Wajen haɗa kaya ne aka yi 'yar muhawara da Hajiya. Ita ba ta kwana a ɗakin da ba a turara ba, ga kaskonta, ga gawayinta, ga turaren wuta. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wannan ba za su bari ya shiga ba." Babu abin da masu jirgi ke tsoro kamar gobara, shi ya sa duk abin da ke kama wuta ko yin zafi haramun ne: kyandir, dutsen guga, butar dafa ruwa, balle garwashi. Ana haska kowane akwati, abin da aka gani a riƙe sai ranar sauka. Humra da turaren fesawa suka maye gurbi. Kilishi da dambun nama ma a gida suka tsaya, don dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara daga waje a cikin kayansa. Yaji kam ya bi mu, kuma ya yi rana. Buta ƙarama ta roba ita ce abin da na fi gode wa Allah da na saka, don banɗakin jirgi takarda kawai aka tanada. Manyan akwatuna ana karɓe su a tasha, sai yamma ake kawo su ƙofar ɗaki, don haka magungunan Hajiya, da fasfo, da sallaya, da kayan canji na auta suna jakar hannu.

Kafin jirgi ya ɗaga sai kowa ya je ya ga wurin taruwarsa na gaggawa, a goga katinsa. An tsaurara wannan doka bayan kifewar jirgin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Jiliyo na Italiya a watan Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu. Ƙananan yara ana ɗaura musu abin hannu mai ɗauke da alamar wurin taruwarsu, don in wani abu ya faru suna wurin reno, ma'aikata su kai su can kai tsaye. Ban bari kowa ya cire nasa ba har muka sauka.

Abinci ya yi yawa har ya ishi ido, amma Musulmi sai ya buɗe baki ya yi tambaya. Turawan kudu suna sa naman alade a inda ba ka zata, har cikin miyar wake da taliya, suna kuma zuba giya a miya da kayan zaƙi. Maigidana ya rubuta wa kamfanin tun da wuri cewa ba ma cin waɗannan, amma abin da ya fi amfani shi ne teburin dare. A babban ɗakin cin abinci tebur ɗaya ake ba ku da ma'aikaci ɗaya har ƙarshen tafiya. Namu ɗan Indunusiya ne, Musulmi, daren farko ya fahimce mu, daga nan shi ke nuna mana abin da za mu tsallake tun kafin mu tambaya. Kifi, shinkafa, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace muka fi ci, naman kuwa muka bari sai Marsel. A can unguwar Nowai, kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa, mahauta da masu gidajen abinci mutanen Aljeriya da Maroko da Tunisiya ne, halal ko'ina. Hajiya ta ci kuskus da naman rago ta ce yau ta san ta ci abinci. Zaman cin dare kashi biyu ne, na wuri da na can dare. Mai yara ya nemi na wuri tun lokacin biyan kuɗi.

Salla sai da muka yi mata tsari. Alƙibla daga yammacin Bahar Rum gabas ce, a ɗan karkata kudu, amma jirgi yana juyawa. Akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki mai nuna taswira da inda hancin jirgi ya dosa, da ita maigidana ke gane gabas. Manhajar lokutan salla ba ta aiki sosai ba tare da intanet ba, don haka na rubuta na kowane gari a takarda tun daga gida. A lokacin zafin Turai rana tana daɗewa ba ta faɗi ba, magariba takan kusanci ƙarfe tara. Mun yi ƙasaru a matsayinmu na matafiya, kuma teku ba ta taɓa hana mu tsayuwa ba sai dare ɗaya, tsakanin Barselona da Marsel, inda iskar arewa ke kaɗowa daga Faransa. Daren nan citta da busasshen biskit suka taimaki Hajiya. Wayoyi kuwa da jirgi ya bar gaɓa muke kashe musu layi, don akwai hanyar sadarwar teku ta tauraron ɗan'adam da waya ke kamawa da kanta, tsadarta ba a magana.

Inda na ga iyalai da yawa suna wahalar da kansu shi ne son ganin kowane gari ƙwaf. Ana tsayawa ne daga safe zuwa yamma, kuma ba duk tashoshi ne ke cikin gari ba. Rum tana da nisan kusan kilomita 80 daga Cibitabekiya inda jirgi ke tsayawa, tafiyar fiye da awa guda a jirgin ƙasa, ga rana, ga layi. Maigidana da babban yaronmu suka je suka ga Kolosiyam, tsohon dandalin wasannin Rumawa, da babban masallacin Rum da aka buɗe a 1995. Ni da Hajiya da ƙananan muka zauna. Jirgi ya zama namu: wurin wanka ba cunkoso, ɗakin abinci ba layi. A Jenowa ma wuri ɗaya muka je, gidan kifaye na tsohuwar tasha, yara suka ga kifin shak ido da ido, muka dawo kafin la'asar.

Falermo ce ta fi shiga raina, kuma ita da ƙafa ake shiga daga tasha. Musulmi sun ci garin a shekarar 831, suka riƙe shi har Normawa, Kiristoci daga arewacin Faransa, suka karɓe a 1072, sarakunan da suka biyo baya kuma suka ci gaba da aiki da magina da malamai Larabawa. A fadarsu ne Al-Idrisi, malamin labarin ƙasa, ya kammala taswirar duniya a 1154 don sarki Roja na Biyu, kuma a bayaninsa ya ambaci Kanem da birnin Gawo na Mali ta yanzu. Na gaya wa yara cewa mutumin da ke zaune a wannan tsibiri ya rubuta labarin yankinmu shekara fiye da 800 da suka wuce, babbar 'yata ta ce, "Umma, to shi ya aka yi ya sani?" Na ce daga bakin fatake da matafiya. A ƙofar babbar majami'ar garin akwai ginshiƙi mai rubutun Larabci, aya ce daga Suratul A'araf, ragowar zamanin da wurin yake masallaci. Hajiya ta daɗe tsaye a gabansa tana gyara tabarau. Daga nan muka ratsa kasuwar Ballaro, inda za ka ji Turancin 'yan Najeriya da na 'yan Gana a tsakanin masu tallar kifi. A Baleta kuwa jirgi a gindin ganuwa yake tsayawa, akwai na'urar hawa mai tsawon mita 58 da ke kai mutum lambun da ke sama. Ita ta ceci gwiwoyin Hajiya.

Duk inda aka fita, lokacin dawowa yana rubuce a takardar shirin yini da kuma bakin matakala, galibi rabin awa kafin tashi. Jirgin ruwa ba motar tasha ba ne da za a jira fasinja ya gama ciniki. Wanda ya fita da tawagar da jirgi ya shirya ana jiransa in motarsu ta makara, wanda ya fita da kansa kuwa sai dai ya bi jirgi gari na gaba da kuɗin aljihunsa. Yawon da jirgi ke shiryawa ya fi tsada sosai, don haka a wuri mai nisa irin Rum kawai na ga ya cancanta. A sauran muna dawowa da saura awa biyu, da hoton lambar wakilin jirgi na tashar a waya.

Wurin renon yara an raba shi bisa shekaru, kuma ba a sakin ƙaramin yaro sai ga wanda ya sa hannu. Namu sun so shi fiye da yadda na zata, har da waɗanda ba sa jin yaren juna suka ƙulla abota. Amma bakin ruwa ban taɓa wakilta kowa ba, ko akwai mai tsaro ko babu. Wanke hannu da sabulu kafin kowane cin abinci kuma na mai da shi doka, don ciwon amai da gudawa yana saurin yaɗuwa inda dubban mutane ke kama cokalin zuba abinci ɗaya.

Daren ƙarshe ana ajiye akwatuna a ƙofar ɗaki kafin a kwanta, a bar kayan da za a sa da safe. A daren ne maigidana ya karɓi takardar lissafi ya bi ta layi-layi, ya ga an rubuta mana kwalaben ruwan da ba mu taɓa ba, aka goge nan take a kantar biyan kuɗi. Da safe layin wurin ya kai har bakin matakala. Tikitin jirgin saman komawa kuwa na yamma muka yanka, don ko jirgi ya iso tasha da sassafe, sauka rukuni-rukuni ake yi, kuma mai tsohuwa da yara ba ya cikin na farko.