Inda na kai a koyon tuƙi a rairayin Glamis

'Yan uwa masu koyo, kun tambayi inda aka kwana. Yanzu ina iya hawa matsakaiciyar jigawa in sauko ba tare da mota ta kafe ba, amma manyan tuddai irin wanda ake kira Oldsmobile sai dai kallo daga ƙasa tukuna.

Glamis na cikin tuddan yashi na Algodones a kudu maso gabashin Kalifoniya, rairayi ne da tsawonsa ya kai kusan mil 40. BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin Amurka, ce ke kula da shi, kuma yankin da ke daf da babbar hanya mai lamba 78 ta arewa an haramta wa motoci. Jama'a na cika wurin ne daga Oktoba zuwa Afrilu, don zafin bazara ba ya zaunuwa.

Abin da ya fi ciyar da ni gaba shi ne rage iskar taya. A kwalta tayoyina na ɗauke da awo 35 a ma'aunin iskar taya na PSI, a rairayi kuwa ina saukar da su wajen 15. Taya ta baje, tafinta ya yi tsawo, sai motar ta riƙa shawagi a kan yashi maimakon ta tona rami. Direbobin Hilux na hanyar Agadas zuwa Dirku sun daɗe da sanin wannan. Sai dai taya mai ƙarancin iska ba ta son kwana mai kaifi, tana iya zamewa daga wili. Kuma kada ku koma kwalta sai kun sake buga iska, don haka famfo mai aiki da batir ya zama dole.

Yanzu karatun jigawa nake yi. Gefen da iska ke bugawa ya fi tauri, ɗaya gefen kuma gangare ne mai laushi da kan yanke ba zato. Idan mota ta gaza a hawa, a sa ribas a sauko a miƙe, ba a juyawa a tsakiyar tudu. Tsakar rana ta fi haɗari a ganina, saboda ba inuwar da za ta nuna rami.

Tuta doka ce: ja ko ruwan lemo, a kan sanda mai tsayin ƙafa 8 daga ƙasa, don wanda ke bayan tudu ya hango ku.

Motar kwana kuwa, wato babbar mota mai ɗaki a ciki da ake zango da ita, ba ta shiga yashi, nauyinta ya yi yawa. Ana ajiye ta a wuri mai tauri a gefen titin da ake kira Gecko, ko kusa da layin dogo. Ba famfon ruwa ba lantarki, sai abin da tanki da sola suka ba ka. Ni dai ƙarar janareton maƙwabta da dare ce ban saba da ita ba, ko da yake su ne ke fara zuwa da shebur da igiya in wani ya kafe.

Mako mai zuwa zan fara gwada bin gefen jigawa a karkace, a bayan wani da ya san wurin.