Ashe shanya ce ta cuce ni

Jama'a, yau dai abin ya kama! Na karkata kwalbar, damun selulos (zaren jikin tsiro da na markaɗa da ruwa) bai ko motsa ba. Na sa cokali na juya da ƙarfi, ya tsinke ya zuba kamar kunu, na bar shi ya huta, ya koma ya yi kauri. Wannan halin nake nema wata biyu cur.

Da tukar rake nake aiki, daga cikinta nake fitar da selulos ɗin. Dahuwa da soda da sa bilic ba su taɓa ba ni wahala ba. Amma duk sanda na markaɗa zaren a ruwa, zare kaso 1 cikin 100, sai in samu ruwa tsululu a sama, gudaji kwance a ƙasa. Na ce markaɗen ne bai isa ba. Daga minti 10 na koma 30, na koma 45, har bilenda ta yi ƙauri ta mutu. Naira 38,000 na kashe a kan sabuwa, har yanzu abin na ci mini rai.

Laifin nawa ne. Bayan wanki nakan baza ɓargon tukar, wato zaren da ya rage bayan dahuwa da bilic, a rana ya bushe ƙayau, don ya yi sauƙin awo da ajiya. To idan ruwa ya fita, ƙananan zaren sai su manne wa juna da wani riƙo na sinadari da ake kira haɗin haidurojin, ƙofofin da ke tsakaninsu su rufe, kuma sake jiƙawa ba ya buɗe su duka. Ko kwana ya yi a ruwa, wuƙar bilenda guntule shi kawai take yi, ba ta warware shi. Gajeren zare kuwa ba ya sarƙewa, ina kaurin zai fito? Dalilin da ya sa takardar da aka sake sarrafawa ba ta kai sabuwa ƙarfi ba ke nan.

Yanzu a jiƙe nake ajiye shi cikin firji. Ɗan kaɗan nake busarwa in auna, in lissafa yawan ruwan da ke cikin sauran.

Masu gwada kaurin damun da sirinji, ku bari ya huce tukuna. Markaɗe na ɗumama shi, ga kumfa, sai ya zuba da sauri ku zaci ya lalace. Ni ma na kusa zubar da na jiya saboda haka.

Gobe zan raba shi gida biyu, in ɗiga wa ɗaya gishiri in ga yadda zai yi.